Me za mu kira wannan filtir ɗin da ya bar gidansa?

Jama'ar Damagaram, ku zo mu raɗa suna. Baban abokina yana da tsohuwar Volkswagen, mai doron kunkuru, wadda iska ke sanyaya injinta. Ita wannan mota ba a ƙero ta da filtir ɗin tace baƙin mai ba sam. 'Yar raga ce kawai a gindin inji, tana tare manyan tarkace, ƙurar hunturu kuwa ta wuce abinta. Sai makanikenmu ya ce a yi mata dabara: a sauya marfin famfon mai, a ja tiyo ya kai baƙin mai can gefe inda aka ɗaure filtir, wani tiyon ya dawo da shi cikin inji.

Turawan Ingila na ce masa "rimot", Faransawa na cewa "deporte". Tsohon da ya ji na farko sai ya ce, "Ɗana, irin na talabijin?" Na biyun kuma kamar an koro mutum daga ƙasar waje.

Wani ya ce "matatar mai ta nesa". Na ce yaya, a garin nan? Tun 2011 duk wanda ya ce matatar mai, SORAZ ake ji, can hanyar Tanut, mai ganga 20,000 a rana. Ka aiki yaro kasuwa da wannan suna ka ga. Mataci dai, namiji, shi ne daidai. Ragar gindin inji kuma mu bar mata rariya.

Saura rabin na biyu. "Na nesa" bai zauna mini ba, don tazarar ba ta fi kamu biyu ko uku ba, kuma makanike ma cewa ya yi kada tiyo ya yi tsawo ko ya kusanci salansa. Wani malami ya kawo "matacin Zango", wai tunda ya fita bayan ganuwar Birni. Mun sha dariya, amma Bakano ba zai gane ba.

Ni na tsaya kan matacin gefe. Tiyo biyun kuma mashiga da mafita, kuma nan ne sunan ke da amfani: mai yana shiga filtir ta ƙananan ramukan zagaye, ya fito ta babban ramin tsakiya. Aka juya su, robar da ke hana mai komawa baya sai ta toshe hanya, inji ya tashi a bushe.

Jiya na gwada kan yaron gareji, na ce kwance matacin gefe. Bai tambaye ni komai ba, ya sunkuya bayan taya.