Dogarin da ya sha "Masha Allah" goma sha bakwai

Sadiq Malali:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Yau da ƙorafi na shigo, a yi mini haƙuri. Shekaranjiya na ɗora hoton dogarin nan mai doki, ɗan ƙaramin mutum-mutumi na milimita 28 da na yi sati uku ina fentawa. Na zauna na ƙirga: "Masha Allah" goma sha bakwai, sai mutum ɗaya da ya tambayi nawa zan sayar. Na gode, Allah ya bar zumunci. Amma ni da idona na san wani abu bai zauna ba, na dai rasa gane ko mene ne. Jan rigar ya fito kamar zoɓon da ya kwana, rawanin kuma kamar an shafa alli. Don Allah wanda ya san hanya ya nuna mini, ko da zafi.

Bash T/Wada:
To, tunda kai ka nema. Idanun dogarin nan kamar an haske shi da tocila yana tsakiyar satar kaza. Dokin ma a tsorace yake.

Hauwa Barnawa:
Haba Bash, wannan ai tsiya ce. Ka nuna ciwo, ina maganin? Sadiq, a wannan girman kada ka ɗiga fari ka sa baƙi a tsakiya. Ka fara cika ramin idon da ruwan ƙasa mai duhu, ka ja siririn layi na fari mai ɗan sirkin toka, sannan ka tsaga shi da baƙi daga sama zuwa ƙasa har ya taɓa fatar ido ta sama da ta ƙasa. Muddin fari ya zagaye baƙin, sai ya yi kallon firgici. In hannu ya ƙi, ka bar wurin da inuwa kawai. Mutumin da ke tsallaken titi ai ba ka ganin farin idonsa.

Malam Isa U/Rimi:
Wa alaikumus salam, Sadiq ɗana. Kafin mu zo kan fenti, ka ji dalilin da ya sa aka yi ta maka Masha Allah. Ka ajiye hoto ka ce "ga shi an gama", ba ka tambayi komai ba. Mu kuwa mutane ne masu kara. Mutum ya kawo abin da ya sha wahala a kai yana murna, wa zai fara buɗe baki ya ce ya karkace? Ni kaina na ga idanun, na yi shiru. Gaba in za ka ɗora, ka faɗi abu uku: an gama ne ko da saura, na wasa a tebur ne ko na ajiyewa a gilashi, kuma ina kake so a duba. Yau da ka ce "rigar da rawanin", ka ga bakin kowa ya buɗe. Yanzu gaya mini, wane launi ka fesa a ƙasa kafin ka fara?

Sadiq Malali:
Baƙi ne, Baba. Na gwangwani, irin na masu fentin mota, a Panteka na saya.

Malam Isa U/Rimi:
To, ga zoɓonka nan. Ja da rawaya fenti ne masu shara-shara, abin da ke ƙarƙashinsu yana leƙowa. Ka ɗora ja a kan baƙi, duhun ya cinye shi, sai ka ji haushi ka ƙara kauri, kaurin ya toshe ninkin rigar. Ina ganin sawun burushi a kafaɗarsa ta hagu, shaida ke nan. Ka fara shimfiɗa ruwan ƙasa mai ja-ja, ko ka fesa toka tun farko, sannan ka bi da ja mai ruwa-ruwa sau biyu ko uku, kowanne ya bushe kafin na gaba. A saman ninki ka sirka da ɗan ruwan lemo. Kada ka sirka da fari, zai koma ruwan hoda, dogari ya zama ɗan rakiyar amarya.
Ni dai kun sani ƙananan samfurin tankokin yaƙi na kamfanin Tamiya da na jiragen sama na kamfanin Airfix nake yi, ba na taɓa siffar mai rai, kowa da fahimtarsa. Amma fenti duk halinsa ɗaya.

Nura Kawo:
Wanda ke shirin sayen fenti: ni Vallejo nake ba da shawara, na Sifen, saboda kwalbarsa mai ɗigo ce, iska ba ta shiga. Fentin Citadel ma yana da kyau, amma buɗe murfin nan kake yi kana tsoma burushi, a hunturun Kaduna kuwa kafin ka ankara ya zama tuwo. Robobi uku na yi asara bara. Wanda aljihunsa bai kai ba, akirilik na tub da ake samu a shagunan kayan rubutu na Kasuwar Gumi yana yi, sai dai a tsinka shi sosai a yi haƙuri da yawan shafawa.

Hauwa Barnawa:
Maganin hunturu jiƙaƙƙen faranti ne, kuma ba sai an sayo daga waje ba. Robar abinci mai murfi, siririn soso a jiƙe a ƙasa, takardar gashin kek a sama. Fentin da ke bushewa cikin minti biyar sai ya kai ka dare. A rufe aikin da kwali in an tashi, ƙura ba ta da kunya.
Rawanin kuma, Sadiq, ka fara da farin da ya fi kowane haske, sai ka rasa inda za ka hau. Ka fara da toka mai haske ko launin madara, ka bar tsantsar fari sai kan tudun naɗin. Ga gwajin da muka koya a ajin zane a Zariya: ka ɗauki hoton ka mayar da shi baƙi da fari a waya. In rigar da sirdin da dokin suka haɗe suka zama toka iri ɗaya, matsalar ta haske da inuwa ce, sayen sabon launi ba zai gyara ta ba. Kuma ka daina ɗauka da filasha. Bakin taga da hantsi, takarda mai ruwan toka a baya.

Bash T/Wada:
Ni shawarata gajeriya ce. Dettol. A jiƙa shi ya kwana, a goge da tsohon burushin haƙori, a sake daga farko. Kada dai ruwa ya taɓa shi sai fentin ya fita, in ba haka ba ya zama danƙo.

Anti Rabi Kakuri:
A'a, Bash, a nan na raba hanya da kai. Sadiq, kada ka wanke shi. Ka rubuta kwanan wata a ƙasan gindin ka ajiye. Na farkon da na fenta yana nan a kabad, muninsa har dariya yake ba ni, amma da shi nake auna inda na kai.
Bari in ba ku nawa labarin. Lokacin da na fara, na nuna wani aiki a wani zaure, wani ya rubuta mini kurakurai tara a jere, da lamba, a gaban kowa. Duk tara ɗin gaskiya ne. Wata shida ban ƙara taɓa burushi ba. Shi ya sa in zan yi wa sabon shiga gyara, abu ɗaya nake zaɓa, wanda in ya gyaru zai ja saura, kuma in faɗi abin da ya yi daidai da sunansa. Misali koren da ke rigar nan ya zauna lafiya lau, kuma linzamin da ka yi da siririyar waya dabara ce, ba wanda ya ambata. In abin mai nauyi ne, in bi mutum ta gefe.
Laifina ni kuma a da, kowane gyara sai na kare kaina: wuta ce aka ɗauke, burushin ne ya tsufa. Mai gyara ya gaji ya koma Masha Allah. Yanzu in an faɗa, godiya nake yi, in bar maganar ta kwana. Da safe wani gyaran in ɗauka, wani in bar wa mai shi, don ba kowane ra'ayi ne doka ba.

Nura Kawo:
Ƙari kaɗan. Waya tana kumbura abu, ɗan abin da bai kai babban yatsa ba sai ya cika fuskarta. Ka miƙa hannu ka dube shi daga nan, haka za a gan shi a tebur. Kuma a daina auna kai da hotunan Golden Demon, gasar fenta irin waɗannan ƙananan siffofi. Gasar nan tun 1987 kamfanin Games Workshop ke yin ta, masu cin ta sukan kwashe watanni a kan abu ɗaya.

Malam Isa U/Rimi:
Madalla da Hajiya Rabi. Abu na ƙarshe daga gare ni, kayan dokin nan daga tunaninka kawai ka yi su. Da sallah ka hau mota ka je Zariya ka tsaya kallon hawa, ka lura da yadda jalala ke zuba a bayan doki da yadda ƙura ke hawa ƙafafunsa har gwiwa. Ko ka nemi tsofaffin hotunan hawan da aka yi a nan Kaduna lokacin FESTAC a 1977. Dokinka ya yi tsabta da yawa, kamar bai taɓa taka ƙasa ba.

Sadiq Malali:
Na yi gwajin Anti Hauwa yanzun nan. Wallahi daga wuya zuwa sirdi toka ɗaya ce, rawanin kaɗai ke ihu. Ba zan wanke shi ba, na rubuta kwanan wata. Akwai na biyu a kwali, mai algaita ne a kan akawal, toka zan fesa. Tambayata guda: yaya ake haska baƙin doki kada ya koma kili?

Hauwa Barnawa:
Baƙi da ɗigon shuɗi, a kan ƙugu da wuya da kafaɗa kawai, mafi yawan jikin ya zauna a baƙinsa. Ka ɗora hoto tun kana rabi, kafin ka shafa banish, wato man ƙarshe mai kare fenti.

Bash T/Wada:
Dokin dai ban janye ba, a tsorace yake. Amma koren ya yi, na yarda. Kwalbar Dettol tana nan in ka canza shawara.