Shin Argonaute na aiki a cibiyar tantanin ɗan Adam?

Malam Kabir, Ƙofar Sauri: Assalamu alaikum. Jiya na faɗa wa ɗalibaina cewa furotin ɗin Argonaute a wajen cibiyar tantani, wato inda DNA take, yake aiki: ya riƙe guntun RNA, ya nemo RNA ɗan aike da ya dace da shi, ya datse shi ko ya hana a haɗa furotin daga gare shi. Wata ɗaliba ta ja da ni, ta ce yana aiki a cikin cibiyar ma, amma ina nan kan bakana.

Malama Hadiza: Wa alaikumus salam. Allah ya gafarta Malam, ɗalibar ce da gaskiya. Tun 2002 aka nuna cewa yistin S. pombe na buƙatar wannan tsari kafin ya ƙulle DNA ɗin da ke ƙugun kuromosom. Argonaute ne ke bin RNA tun ana cikin kwafarsa, ya jawo furotin Clr4 ya ɗora alamar sinadarin metil a kan histon H3, ɗaya daga cikin furotin da DNA ke naɗe a jikinsu, sai wurin ya dunƙule, karanta DNA ɗin wurin ya tsaya. A tsiro kuwa wani nau'in Argonaute mai suna AGO4, riƙe da RNA mai haruffa 24, shi ke nuna inda za a sa metil a jikin DNA kanta.

Malam Kabir: Malama, yisti da tsiro ai ba mutum ba ne.

Dakta Usman, Daura: Malam bai yi nisa da gaskiya ba, sai dai ya faɗaɗa hukunci. A tantanin haihuwa babu gardama, domin wasu daga dangin Piwi, wani reshe na Argonaute, irin su MIWI2 na ɓera, a cikin cibiya suke rufe bakin ƙwayoyin gado masu tsalle, wato masu sauya wuri a cikin DNA. Rigimar tana sauran tantanin jiki. Duk wanda ya taɓa ware cibiya a ɗakin gwaji ya san yadda sassan tantani da ke kewaye da ita ke manne mata kamar danƙo, nau'in Argonaute mai suna AGO2 da ke waje ya biyo, mutum ya ɗauka na ciki ne. Shi ya sa nake ganin ƙimar aikin ɗakin binciken David Corey a Amurka a 2014, da suka tsabtace cibiyar sosai kuma suka tarar da AGO2 da Dicer, furotin da ke yanka guntayen RNA ɗin da Argonaute ke riƙewa, a ciki.

Malam Kabir: Dakta, ganin baƙo a zaure bai nuna shi ke riƙe da gidan ba. Na yarda yana shiga, zan kuma gyara darasin a kan yisti, tsiro da Piwi. Amma cewa shi ke kulle ƙwayoyin gado a hantar mutum, sai an cire shi daga cibiyar kaɗai na ga abin da ya canza.