Yaya kuke gane sensa ta lalace tun kafin ta ɓata aiki?

Mai Awo: Assalamu alaikum 'yan uwa. Kowa ya kawo irin sakit ɗin da yake haɗawa don kama sensar da ta tsinke ko ta yi shot, wato wayoyinta suka haɗu. Ni dai a layin 4–20 mA, inda sensa ke aiko awonta da ƙarfin kwararar lantarki, ina sa rasista mai om 250, sai awon ya koma 1 V zuwa 5 V. Ƙa'idar masana'antu ta NAMUR NE43 ta ɗauki ƙasa da 3.6 mA ko sama da 21 mA a matsayin matsala, wato 0.9 V da 5.25 V. LM393 cif ne mai kwamfareta biyu, wato masu gwada awo da iyaka; rabinsa ɗaya yana tsaron iyakar ƙasa, ɗayan ta sama, a haɗe bakin fitarsu wuri guda da rasista 10k zuwa wuta.

Injiniyan Allo: Wa'alaikumus salam. Haka ne malam, amma kada a ba LM393 ɗin 5 V. Ƙafafun shigarsa suna aiki daidai ne kawai idan sun yi ƙasa da wutar da aka ba shi da kamar 1.5 V, to ina zai ga 5.25 V? A ba shi 12 V. Sannan idan awo ya tsaya a bakin iyaka, fitila za ta riƙa ƙyaftawa, rile, wato makunnin da lantarki ke motsawa, na ta kaɗawa kamar zai karye. Maganinsa rasista 1M daga fita zuwa ƙafar +, da tacewar 10k da 100 nF a shiga.

Hajiyar Tanderu: Tamokoful, sensar zafi mai wayoyin ƙarfe biyu daban da aka haɗa kansu, shi ne mai wahalar sha'ani. Nau'in K kusan 41 µV yake bayarwa a kowane digiri, idan ya tsinke shigar takan yi ta yawo, wani lokacin ma ta nuna adadi mai kama da gaskiya. Rasista 10M zuwa wuta tana jan awon can ƙololuwa da zarar waya ta rabu, sai hita ta mutu. MAX31855, cif ɗin da ke karanta tamokoful, yana kama tsinkewa da taɓa wuta ko ƙasa da kansa, sai dai idan kan tamokoful ɗin a manne yake da kwanson ƙarfensa kuma kwanson na taɓa jikin injin, zai yi ta ƙarar ƙarya.

Abin da duk waɗannan dabarun ba sa gani shi ne wayoyin tamokoful biyu su goge su haɗu a tsakiyar hanya. Nan sabon mahaɗi ya samu, allo zai nuna zafin wurin, a ce digiri 35, alhali tanderu ya yi ja. Dole manhaja ta sa ido: hita a kunne na minti biyu ko uku zafi bai motsa ba, a yanke wuta.

Mai Awo: Wannan gaskiya ne Hajiya. PT100 mai waya biyu, sensar zafi da om ɗinta ke ƙaruwa da zafi, ita ma haka, om 0.385 ne digiri ɗaya, tsatsar om 2 a mahaɗi ta ƙara digiri biyar ke nan, babu kwamfaretan da zai yi tari. Sai a koma waya huɗu.

Bakanike: Shi ya sa totur ɗin mota yake da sensa biyu, galibi ɗaya tana ba da rabin awon ɗayar, kwamfutar motar tana ta gwada su. Duk wanda zai kwaikwayi wannan, ya raba musu wayar wuta da ta ƙasa. In suka yi tarayya a waya ɗaya ta saki, tare za su karkace, gwajin ba lalle ya gano ba.