Yaya zan samar wa matar aure sirri a zaman sulhu ta bidiyo?

Assalamu alaikum. Ina koyon aikin ba ma'aurata shawara a ƙarƙashin wata ƙwararriya, kuma mako biyar ke nan ina zama da wasu ma'aurata ta Zoom: mijin yana aiki a Jidda, matar kuwa tana Kano a gidan surukanta. Da zarar an taɓo batun kuɗin cefane ko zamanta da uwar miji, sai ta rage murya, ta riƙa waiwayen ƙofa, amsarta ba ta wuce "babu komai". Sau biyu ina jin motsin kwanuka dab da ita.

Na sa ta yi amfani da abin sauraro na kunne, amma muryarmu kawai ya ɓoye, tata ana ji. Na mayar da zaman bayan sallar isha'i, sai ya zama mijin ya gaji, domin Jidda ta riga Kano da awa 2. Da na nemi ganawa da ita ita kaɗai, ya ce ana ɓoye masa wani abu, kuma ina tsoron ya janye gaba ɗaya.

Ta wace hanya zan tsara ganawa da kowannensu daban ba tare da mijin ya daina yarda da ni ba?