"Tsoro na daji, kunya ta gida": idan dajin da gidan tsibiri ɗaya ne fa?

Malamin Firamare: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Karin maganar da na kawo yau a bakin kakata na fara jin ta. Wata rana wani ƙanin babanmu ya yi wa yayana faɗa a zaure kan laifin da ba nasa ba. Yayana ya fi shi tsawo, ya fi shi ƙarfi, amma ya sunkuyar da kai yana murza bakin tabarma har aka gama. Da ya shigo cikin gida ido jawur, kakata ta miƙa masa ƙwaryar fura ta ce, "Ka yi daidai. Tsoro na daji, kunya ta gida." Tun daga ranar na ɗauka ma'anarta ita ce: a cikin mutanenka ba fargaba ke riƙe ka ba, ganin girma ne.

Abin da ya dawo min da ita shi ne wani littafin zane mai suna Dinotopia, wanda mai zane ɗan Amurka James Gurney ya fitar a 1992. Labarin ƙirƙira ne na wani tsibiri mai wannan suna inda mutane ke zaune tare da dinoso, dabbobin nan na zamanin da masu kama da ƙadangaru da suka ƙare kimanin shekara miliyan 66 da suka wuce. Jirgin ruwan wani masani, Arthur Denison, da ɗansa Will ya nutse a 1862, suka tsinci kansu a can. Ba a ciniki da kuɗi, ba a yaƙi, mutane sun bar cin nama, dinoso suna magana har suna karatu. Dokokinsu 'yan layuka ne a jikin dutse, ɗaya yana cewa makami maƙiyi ne ko ga mai shi. Ni a ganina ƙasa ce da kunya kaɗai ke mulkinta. Shin karin maganar ta hau?

Inna Mai Tatsuniya: Wa alaikumus salam Malam. Kafin a yi nisa, mu a gidanmu "kunya na gida" muke cewa, don ta yi amo ɗaya da "na daji". Duk biyun ana ji.

Ɗan Agadas: Haka ne Inna. Malam, na karanta littafin, kuma akwai inda ka tsallake. A tsakiyar tsibirin akwai wani kwari mai dausayi da yawan ruwan sama, can ne masu cin nama suke, irin su Tiranosoras. Ba sa bin dokar dutsen nan. In ayari zai ratsa ta wurinsu sai a ɗaura wa manyan dinoso masu dogon wuya sulke mai ƙayoyi, a loda kifi a kwanduna, in masu haƙora sun tare hanya a zube musu a wuce. Hoton nan ya daɗe a raina: dabba kamar gidan bene tana tafe cikin sulke, mutane a bayanta sun yi tsit. To ka ga karin maganar ta hau fiye da yadda kake zato. Akwai gida, akwai daji. Kunya tana birni, tsoro yana kwari. Ba a kashe tsoron ba, shata masa iyaka aka yi.

Malamin Firamare: Wallahi ka tuna min. Amma ai hakan ƙarfafa maganata ya yi, ɗan'uwa. Kowa ya san wurinsa.

Ɗan Agadas: Wa ya ba kowa wurin nasa? Nan siyasar take. Dabbar da Allah ya halitta da cin nama ba za ta iya cika sharaɗin zama ɗan gari ba, ko ta so. Wanda ya rubuta dokar mai cin ciyawa ne ko abokinsa. Ashe tun ranar da aka sassaƙa dutsen aka yanke wa wasu hukuncin zama 'yan daji.

Hajiya Lauya: Ku ba ni dama in saka baki, don ina ganin kuna ɗora wa karin maganar kayan da ba nata ba. Ba ta ce gida ya fi daji ba, ba ta kuma ce kunya ta isa riƙe ƙasa ba. Bayani take yi kan halin mutum ɗaya a wuri biyu. Mafarauci in ya shiga daji yana taka-tsantsan don kar a cinye shi, in ya dawo gida yana sassauta murya don kar a ce ba shi da tarbiyya. Shi ya sa aka fi faɗinta ga wanda ya ɗauki kawaici a matsayin ragwanci: kar ka ga na yi shiru ka ce tsoronka nake ji. Magana ce ta zaure da tsakar gida, inda kowa ya san uban kowa.

Kunya kuwa tana aiki ne inda aka san fuskarka. In gari ya girma har ka yi kwana bakwai ba ka haɗu da wanda ya san sunanka ba, sai a nemi alƙali da ɗan sanda. Abin da ya sa take aiki a tsibirin can shi ne ba wanda ke iya fita. Duwatsun murjani na cikin teku da guguwa sun kewaye shi, wanda teku ta jefo ya zo ke nan. Mutumin da ba shi da inda za shi dole ya lallaɓa sunansa. To wannan kunya ce, ko tsoro ne ya sa riga?

Inna Mai Tatsuniya: Hajiya, wannan tambayar ta taɓa ni. Na ga amaren da aka kai garin da ba su da kowa, ana yabon kunyarsu, alhali kuɗin motar komawa gida ne ba su da shi. Amma ban yarda a ce duk kunya haka take ba. Yayan Malam da ya sunkuyar da kai yana da ƙafar fita zauren, bai fita ba. Tasa ta gaskiya ce.

Ɗalibin Tarihi: Iyayena, ga ɗan abin da zan ƙara. Shi kansa marubucin bai ɓoye wannan ba. Ya saka wani mutum mai suna Lee Crabb, wanda ya tsani zaman tsibirin, yana ganin mutane bayin dabbobi ne, har yake cewa sunan wurin a Girkanci "wuri mai ban tsoro" yake nufi. Kuma bai yi ƙarya a kan kalmar ba, don Richard Owen, masanin kimiyya ɗan Ingila da ya raɗa wa dinoso suna a 1842 daga kalmar Girkanci mai nufin abin firgici ya ɗauko. Sai dai an zana Crabb a matsayin mugu mai son zuciya, don haka mai karatu ba ya tsayawa ya saurare shi. Wannan ne ya fi damuna. Ƙasar da mai ƙorafinta guda ɗaya ne, shi ma ɗan iska, ba ta amsa tambayar ba. Ko Thomas More, marubucin Ingila da ya rubuta labarin irin wannan ƙasa ta mafarki a 1516, tasa ma tsibiri ce, kuma akwai bayi a cikinta masu yin yanka da sauran aikin ƙazanta a bayan gari.

Malamin Firamare: Na karɓi gyaran Hajiya a kan inda ake amfani da ita. Amma ƙanena, kar mu yi wa littafin rashin adalci. Akwai Bix, wata ƙaramar dinoso mai aikin tafinta tsakanin harsuna, kuma a littafi na biyu na 1995 an nuna masu cin naman suna da babba, ana magana da su, suna riƙe alkawari. Wanda ake iya ƙulla alkawari da shi ai bai gama zama na daji ba.

Manomin Fadama: Ni ban karanta littafin ba, amma maganar kwandon kifin nan ta hana ni sakat. A yankinmu an kai lokacin da sai an haɗa kuɗi gida-gida an kai wa masu bindiga kafin a bar mu mu girbe abin da muka shuka da hannunmu. Su ma ana magana da su, Malam, su ma suna da babba. Ba wanda ya kira hakan zaman lafiya a cikinmu. Da dare in mun dawo ba ma iya kallon idon 'ya'yanmu. Tsoron ya biyo mu har gida, kunyar ma tana nan, duk biyun a ɗaki ɗaya.

Hajiya Lauya: Allah ya kawo muku sauƙi, Baba.

Ɗan Agadas: Amin. Bambanci ɗaya zan nuna, ba don in rage nauyin maganarka ba: na cikin littafin yunwar halitta ce ke tura su, naku kuwa zaɓa suka yi.

Manomin Fadama: Na yarda, ɗana. Amma wanda ke ɗauke da kwandon ba ya jin bambancin a kafaɗarsa. Malam, in ka sake buɗe littafin ka duba mana ko an nuna wanda ke kama kifin, da ko ana tambayarsa kafin a ɗiba.