Aji ne ke cinye min murya, ba waƙa ba. Ku fa?

Malamar Firamare, Zariya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina koyarwa da safe, ina waƙar biki a ƙarshen mako. Yara sun cika aji maƙil, dole in yi ta ɗaga murya har azahar, kafin Juma'a ta dushe. Ranar biki kuwa sai in ji kamar an zuba min yashi a wuya. Akwai wanda ya taɓa fama da haka?

Mai Bege, Kano:
Wa'alaikumus salam Malama. Ni Larabci ne ya so ya kassara ni. Da na fara ƙasida, matse maƙogwaro nake yi don in fitar da ainun da ha'un, har jijiyoyin wuya su yi ruɗu-ruɗu. Malamin tajwidi ya ji ni, ya ce mafitarsu tsakiyar maƙogwaro ce, ba sai na shaƙe kaina ba. Ya sa ni karanta baiti a hankali kamar hira kafin in ɗora masa kari. Zafin ya tafi.

'Yar Amshi, Kaduna:
Yaya, ki je asibiti tun da wuri. Muryata mai kauri ce, amma a sutudiyo siririya ake so, irin ta fina-finan Indiya. Na tilasta wa kaina, har hirar gida na koma yi da ita. Da dushewar ta wuce mako uku na ga likitan kunne, hanci da maƙogwaro. Ya zura 'yar kyamara, ya nuna min ƙulli biyu suna fuskantar juna a tantanin murya. Ya ce tantanin mace yakan kaɗa kusan sau 200 a daƙiƙa idan tana magana, in ta ɗaga sauti ya fi haka. Ya hana ni yawan gyaran murya, har raɗa ya hana, wai ita ma wahalarwa take. Zuma da citta suna sanyaya wuya, amma ba su taɓa ƙullin ba. Hutu da ruwa da koyon numfashi ne suka yi aiki.

Ɗan Damagaram:
Mu nan Faransanci ne. "R" ɗinsu daga wajen beli yake fita, in na yi ta gurza shi cikin hunturu sai kakari. Yanzu a waƙa da bakin harshe nake kaɗa shi, ba wanda ya yi ƙorafi.

Malamar Firamare, Zariya:
Na gode ƙwarai. Ƙanwata, ƙaramar lasifikar nan ta ratayawa a ƙugu za ta yi a aji?

'Yar Amshi, Kaduna:
Za ta yi sosai Yaya. Ki dai ajiye gorar ruwa a kan teburi.