Katakon zamiya mai tsawon santimita 185, ya yi wa ɗana ko ya fi ƙarfinsa?

Maman Abba, Gwammaja: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah ku ba ni shawara, hankalina ya ƙi kwanciya. Babban ɗana yana karatu a Kayseri ta ƙasar Turkiyya, yana shekara ta biyu. Tun rasuwar mahaifinsu ni nake ɗauke da su da 'yar atamfa da leshin da nake sarowa a Kwari, kuma wallahi yaron nan bai taɓa ɗora min hidimar banza ba. Bara da sanyi ya shigo sai ya kulle kansa a ɗaki, ya rame, in na kira shi daga "lafiya lau Umma" ba ya ƙarawa. Har tunanin dawo da shi na yi. Sai abokansa suka ja shi dutsen Erciyes da ke kusa da garin, inda ake wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara, ranar na ji dariyarsa a waya. Yanzu wani ɗalibi da ya gama zai sayar masa da katakon zamiyarsa na hannu, tsawonsa santimita 185. Kawunsa ya ce almubazzaranci ne, ni ba wannan ke damuna ba. An ce min idan katakon ya fi ƙarfin mutum ƙafa yake karyawa. Ya yi masa ko bai yi ba?

Anti Tarauni: Wa alaikumus salam. Maman Abba, ba ki faɗi tsayin yaron ba, balle nauyinsa. Kuma sau nawa ya taɓa hawa?

Injiniya, Kabuga: Hajiya, ki kwantar da hankalinki. A Rasha na yi karatu, duk lokacin sanyi a kan katakon nan muke. Ƙa'idar ita ce ki auna tsayin mutum ki ƙara santimita 20 zuwa 25. Gajeren katako na yara ne. Ki biya kawai.

Maman Abba: Na gode Injiniya. Tsayinsa 168. Idan an ƙara 20 ai ya kusa daidai ke nan, Alhamdulillah.

Ɗan Kurna: Umma, don Allah ki dakata. Ni ma a Turkiyya nake, a Bursa, muna hawa dutsen Uludağ. Abin da Injiniya ya faɗa gaskiya ne, amma na wani wasan ne daban. Akwai na tafiya a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, katakonsa siriri ne, dunduniya tana ɗagawa, shi ake yi wa ƙarin 20 zuwa 25. Shi ne wasan da Samuel Ikpefan ya wakilci Najeriya a gasar Olamfik ta Beijing a 2022. Wanda ake yi a Erciyes kuwa gangarowa ce daga kan dutse, ƙafa a kulle cikin takalmi mai tauri. A nan tsayar da katakon ake yi a gaban mutum: ɗan koyo ya tsaya masa tsakanin haɓa da hanci, wanda ya goge ya kai goshi ko ya ɗan wuce kai. Mai tsayi 168 da yake koyo, wajen 150 zuwa 160 zai nema. 185 ya haura kansa da santimita 17. Zai yi masa wuyar juyawa, kuma wanda bai iya juyawa ba bai iya rage gudu ba.

Injiniya: Ɗana, tun ba a haife ka ba nake wannan wasa. Dogon katako ya fi zama daram a ƙasa, ba ya rawa. Je ka kalli 'yan gasar gangara, ƙa'idar maza ba ta yarda da ƙasa da 218 ba. Su ba sa son ƙafarsu ne?

Ɗan Kurna: Baba, da girmamawa, waɗannan suna gudun da ya haura kilomita 100 a awa, tsawon ne ke riƙe su. Amma a gasar da ake zagaye sanduna kusa da kusa, maza 165 suke hawa, mata 155, alhali ƙarti ne. Kowane wasa da tsawonsa. Kuma katakon yanzu yana da ƙugu a tsakiya, ya fi na da gajarta.

Hajiya Hotoro: Ni dai abin da na sani, yaran nan in sun fita waje ba sa tuna yadda ake samun kuɗin. Tawa tana Masar, wata uku ba ta kira ba sai da wayarta ta fashe. Ga canji kullum sama yake yi. Mu nan hazon hunturu ya ishe mu tari, su suna can suna neman ƙanƙara da kuɗi.

Maman Abba: Hajiya, nawa ba haka yake ba. Shi bai ma roƙa ba, ni na ce zan saya.

Anti Tarauni: Har yanzu ba ki faɗi nauyinsa ba, kuma yana da muhimmanci. Mara nauyi ba ya iya danne dogon katako ya lanƙwasa. Mun je wurin wasan zamiya na cikin Mall of the Emirates a Dubai, kafin su ba ƙanina kaya sai da suka tambayi nauyinsa, suka saita maƙalin takalmin da sukurdireba. Wannan maƙalin shi ke sakin ƙafa idan an faɗi. In an bar shi a saitin wani ƙato, gwiwa ce za ta biya. Me zai hana ya ci gaba da haya a bana?

Maman Abba: Siriri ne, bai wuce kilo 58 ba. Sau biyu ya je. Haya kuma duk zuwa sai an biya, wannan in an saya an huta. Kuma mai sayarwar yaron kirki ne, tare suke sallar Juma'a, ba zai cuce shi ba.

Ɗan Kurna: Ba maganar cuta ba ce Umma. Ko babbar rigar waliyyi ce, in ta fi ka tsawo sai ta harɗe ka. Kilo 58, hawa biyu, ni ko 160 ba zan ba shi ba. Ya tambayi mai katakon tsayinsa da kuma irin wasan da aka yi katakon dominsa.

Injiniya: Ku bar tsorata baiwar Allah. Mu da dogo muka koya, ga mu da ƙafafunmu. Zai saba cikin kwana biyu, kuma ba sai ya sake sayen wani baɗi ba.

Hajiya Hotoro: In ya karye a can wa zai yi jinyarsa? Ko inshorar da suke biya ta shafi wasa?

Maman Abba: Allah Ya tsare, kada ki yi masa baki. Gaskiya na riga na tura rabin kuɗin tun shekaranjiya, kuma ina jin nauyin a ce a dawo da shi. Injiniya ya ce zai saba. To Ɗan Kurna, ba a iya kai wa kafinta ya rage tsawon?

Ɗan Kurna: A'a Umma, ba a yankewa, akwai ƙarfe a gefensa kuma maƙalin zai tashi daga inda ya kamata ya zauna. Ki turo hoton rubutun da ke jikin katakon in gani.

Anti Tarauni: Maman Abba, kin samu hoton?